Daga Busasshen Ganyen Ɗorawa Zuwa Ƙwayar Gado: Yadda Ilimin Halittu Ya Girma

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ɗorawa. Ya tsotsi garinta yana yaro har leɓensa ya rine, ya ga yadda ake dafa kalwa a yi daddawa, wataƙila ma ya taɓa hutawa a gindinta ranar noma. Amma ran da ya buɗe littafin kimiyya zai tarar an rubuta mata wani suna daban, Parkia biglobosa, kuma kalmar farkon nan ba komai ba ce illa sunan mutum: Mungo Park, Baturen Sikotlan da ya halaka a Kogin Kwara wajen Busa a 1806.

Ga yadda aka yi. A 1823 wasu Turawan Birtaniya uku suka ƙetaro Sahara daga Tarabulus suka sauka Kukawa wurin Shehu Laminu. Ɗayansu, Walter Oudney, likita ne, kuma cikin aikinsa har da tsinkar ganye da fure yana dannewa tsakanin takardu har su bushe. Ya kamo hanyar Kano tare da Hugh Clapperton, ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rasu kusa da Katagum a Janairun 1824. Clapperton ya wuce Kano, ya ƙarasa Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Busassun ganyen da suka tsira suka isa Landan, aka miƙa su ga masanin tsirrai Robert Brown, shi kuma a bayanin da ya rubuta a 1826 ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia.

Na fara da wannan labari ne domin yawancinmu mun haɗu da bayoloji a aji, cikin zanen allo da haddar jarrabawa, har muna ɗauka a ɗakin gwaji aka haife shi. Ba haka ba ne. A daji aka haife shi, da bakin teku, da cikin akwatunan matafiya. Sunansa na farko ma "tarihin halittu", kuma tarihi a nan ba labarin da ake nufi ba, siffantawa ake nufi: ka ga abu, ka faɗi kamanninsa, inda yake zaune, abin da yake ci. An shafe ɗaruruwan shekaru ana tambaya ɗaya, wato mene ne wannan. Sai da tarin ya yi yawa tukuna tambaya ta biyu ta taso, me ya sa wannan ya yi kama da wancan, ita kuma ta haifi ta uku, ta yaya ɗa ke gadon iyayensa.

Siffanta halittu tsohon aiki ne. Aristotal ya fede kifaye ya rubuta abin da ya gani tun ƙarni huɗu kafin haihuwar Annabi Isa. Al-Jahiz na Basra ya rubuta Kitabul Hayawan a ƙarni na 9, Ibnul Baiɗar ɗan Andalus, wanda ya rasu a 1248, ya tattara bayanin magunguna da tsirrai kusan 1,400. Abin da ya sauya a Turai daga ƙarni na 16 jiragen ruwa ne. Kowane jirgi da ya dawo daga Amurka ko Indiya ko gaɓar Afirka sai ya sauke tsiro da tsuntsu da ƙwaron da babu su a littattafan magabata. Sunaye suka cakuɗe. Tsiro ɗaya sai ka same shi da suna biyar, wani sunan ma jimla ce sukutum ta Latin mai kalma goma.

Wanda ya share wannan rumbu shi ne Carl Linnaeus, ɗan Suwidin, malami a Upsala. A 1735 ya fitar da tsarinsa cikin 'yan shafuka kaɗan, a 1753 ya jera tsirrai kusan 6,000, a 1758 ya yi wa dabbobi haka nan. Dabararsa mai sauƙi ce ƙwarai: kowace halitta kalma biyu, ta farko sunan danginta, ta biyu sunanta na kanta. Kuka ta zama Adansonia digitata, kalmar farko don girmama Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi shekaru a Sanagal yana nazarinta, ta biyun kuma saboda ganyenta ya yi kama da yatsun hannu. Daga nan masani a Jamus da masani a Barazil za su iya tabbatar da cewa abu ɗaya suke magana a kai.

Bahaushe ma ya iya suna mai kalma biyu: gwandar daji, gautan kura, raƙumin dawa. Sai dai shi kamanni yake bi, ko amfani. Gwandar daji ba 'yar'uwar gwanda ba ce a wurin masana, raƙumin dawa kuwa ya fi kusa da saniya da barewa a kan raƙumi. Turawan da ma sun faɗa wannan tarko, don sunan da Linnaeus ya bar wa raƙumin dawa haɗi ne na kalmar raƙumi da ta damisa. Amma a hankali ya koyi duba abin da ke ƙarƙashin kamanni. Jemage yana tashi, amma yana haihuwa yana shayarwa. Babbar dabbar tekun nan da ake kira wel tana iyo kamar kifi, ita ma tana shayarwa, tana numfashi da huhu. A 1758 ya cire ta daga cikin kifaye ya haɗa ta da masu shayarwa. Shi a ganinsa yana karanta tsarin da Mahalicci ya shimfiɗa ne, kuma bai ɗauka jere-jeren nasa za su tayar da wata tambaya ba.

Akwai tabo a aikinsa da bai kamata a rufe ba. Ya raba 'yan Adam gida huɗu bisa launin fata, ya liƙa wa kowane gida hali, ya ba Bature kyawawa, ya ba baƙar fata munana. Babu awo, babu gwaji, son zuciyar zamaninsa ne kawai ya sanya wa rigar ilimi. Masu cinikin bayi da 'yan mulkin mallaka sun daɗe suna jingina da irin wannan rubutu.

A daidai lokacin da masu tara ganye ke faɗaɗa duniya, wasu kuma suna leƙa cikinta. A 1665 Robert Hooke ya yanki siririn ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya duba ta madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma, ya kira su sel. Wanda ya fi ba ni sha'awa a wannan zango shi ne Antonie van Leeuwenhoek, mai shagon yadi a garin Delf na Holan, wanda bai yi jami'a ba, bai iya Latin ba. Da hannunsa yake goge ƙanƙanen gilashi har ya riƙa ƙara girman abu fiye da sau 200. A 1674 ya ɗebo ruwan tafki ya ga halittu suna ninƙaya a ciki. Daga baya ya kankaro dattin haƙoransa ya ga wasu suna motsi. Ya yi ta aika wasiƙu Landan, da farko aka yi shakka, sai da aka tura shaidu suka gani da idonsu. Abin lura shi ne an yi kusan shekara 200 ana kallon waɗannan 'yan halittu a matsayin abin mamaki kawai, kafin a tabbatar suna da hannu a cuta.

A zamanin kusan kowa ya yarda rai yana iya fitowa daga ruɓaɓɓen abu haka kawai, tsutsa daga nama, ɓera daga tsumma da hatsi. A 1668 likitan Italiya Francesco Redi ya sa nama a tulun gilashi, wasu a buɗe, wasu an rufe su da siririn ƙyalle. Tsutsa ta fito a inda ƙuda ya samu sauka kaɗai. Wannan ƙaramin gwaji sabon abu ne a fagen: maimakon ka tsaya kallo, ka shirya abu biyu da suka bambanta a wuri ɗaya tak, ka bar sakamako ya yi magana.

Sai kuma ƙasa ta fara amayo ƙasusuwa. Masu haƙar ma'adinai da magina suna ta tono haƙora da haƙarƙarin da ba su dace da wata dabba mai rai ba. A 1796 Georges Cuvier a Faris ya jera muƙamuƙin giwar Afirka da na giwar Indiya da na wata giwa mai gashi da aka tono a Sibiriya, ya nuna uku ne daban-daban, kuma ta ukun babu ita a doron ƙasa. Wato nau'in halitta yana iya ƙarewa ƙurmus. A gaɓar tekun kudancin Ingila wata 'yar talakawa, Mary Anning, ta riƙa tono ƙwarangwal ɗin manyan dabbobin ruwa tana sayarwa don ciyar da gida, masana suna rubuta takardu a kai, sau da yawa ba tare da ambatonta ba. Masu nazarin duwatsu irin su Charles Lyell kuma suka ce idan ruwa da iska ne suka sassaƙa kwaruruka a hankali kamar yadda suke yi yau, to shekarun duniya sun wuce dubu shida da malaman coci suka ƙididdige nesa ba kusa ba. Masanin Faransa Buffon ya taɓa gasa dunƙulen ƙarfe yana auna yadda suke hucewa, ya ce shekarun duniya 75,000 ne. Awon zamaninmu ya kai biliyan 4.5. Wannan babi bai tsaya Turai ba: a Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta jihar Agadas, an tono ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, har da kada mai tsawon da ya haura mita 9, a wurin da yau babu ko ɗigon ruwa.

To ga tambaya ta biyu ta iso. Halittu suna jeruwa dangi-dangi, wasu sun ɓace, wasu sun bayyana daga baya, waɗanda suka ɓace kuma suna kama da na yanzu. Me ya kawo haka? Jean-Baptiste Lamarck, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara amfani da kalmar bayoloji a 1802, ya ba da amsa a 1809: dabba tana sauyawa da ƙoƙarinta, ta gadar wa 'ya'yanta. Raƙumin dawa ya yi ta miƙa wuya don cin ganye, wuyan ya ƙaru, ɗansa ya gada. Amsar ba ta tsaya ba. Maƙeri yana da damtse, amma ba a haifi ɗansa da shi ba.

Amsar da ta zauna ta fito ne daga mutum biyu, dukansu masu tara ƙwari. Charles Darwin ɗan masu hali ne. Ya bi jirgin Beagle daga 1831 zuwa 1836, ya yi mako biyar a tsibiran Galafagos. Ana yawan cewa a can haske ya zo masa, amma sai da ya koma Landan masanin tsuntsaye John Gould ya duba fatun da ya kawo ya shaida masa cewa waɗanda ya ɗauka tsuntsaye ne mabambanta dangi ɗaya ne, bakinsu ne ya sha bamban. A 1838 ya karanta rubutun wani masanin Ingila, Thomas Malthus, kan yadda haihuwa ke fin abinci yawa, sai abin ya haɗu masa. Ya yi shiru shekara 20 yana tara hujja, yana kiwon tattabaru, yana tambayar makiyaya da masu lambu.

Alfred Russel Wallace kuwa talaka ne, da sayar da ƙwari da fatun tsuntsaye yake ci. Ya yi shekara huɗu a dajin Amazon, a hanyar komawa gida a 1852 jirgin ya kama wuta, kusan duk abin da ya tara ya ƙone a gabansa. Bai karaya ba. Ya tafi tsibiran da yau ake kira Indunisiya da Maleshiya, ya yi shekara takwas, ya tara samfuri kimanin 125,000, da taimakon mutanen wurin, musamman wani saurayi ɗan Malay mai suna Ali da ya harbo masa tsuntsaye da dama. A 1858 yana kwance da zazzaɓi tunanin ya zo masa, ya rubuta ya aika wa Darwin. Ranar 1 ga Yuli 1858 aka karanta takardunsu tare a Landan, a Nuwamban 1859 Darwin ya fitar da littafinsa kan asalin nau'o'in halittu, kwafi 1,250.

Me suka ce? Manomi zai fi kowa saurin ganewa. In an yi girbi yakan ware zangarniyar da ta fi cika ya ajiye iri. Shekara bayan shekara, kaka da kakanni, haka aka samu kaura daban, farafara daban, haka makiyaya suka fitar da bunaji da rahaji da gudali, da jar akuyar Sakkwato da Maraɗi. Darwin da Wallace suka ce daji ma yana irin wannan tankaɗe ba tare da manomi ba. Ɗorawa ɗaya tana zubar da dubban kalwa, ƙalilan ne ke zama bishiya. 'Ya'yan uwa ɗaya ba sa zama daidai. Wanda ɗan bambancinsa ya dace da fari ko cuta ko maƙiyin wurin shi ya fi yiwuwar rayuwa ya bar zuriya. A ba wannan tankaɗe dubban dubban shekaru, sai nau'i ɗaya ya rabu biyu. Dangin da Linnaeus ya jera, in ji su, dangi ne na jini.

Na san a nan ne mai karatu zai gyara zama. Darwin bai ce biri ya haifi mutum ba, a littafin 1859 ma da ƙyar ya taɓo ɗan Adam, amma a 1871 ya fito fili ya ce mutum da manyan birai sun haɗa kaka a can baya. Wannan ita ce gaɓar da ta jawo jayayya da malaman addini, Kirista da Musulmi, kuma har yau ba ta lafa ba. Hukuncin aƙida fagen malamai ne, kuma ina girmama hakan. Abin da nake roƙo shi ne kada jayayyar ta sa mu ƙi fahimtar tankaɗen da ke faruwa a gaban idonmu. Waɗanda suka manyanta sun tuna klorokwin, maganin nan mai ɗaci mai sa ƙaiƙayi, yadda da yake sauke zazzaɓi. Ƙwayoyin cutar da suka iya jure masa su suka tsira suka hayayyafa, har ya daina aiki aka koma wasu magunguna. Haka sauro ke yi wa maganin feshi. Wanda bai gane wannan ba ba zai gane dalilin da likita ke nacewa a shanye magani har ƙarshe ba.

Mu koma wurin Robert Brown, mai ɗorawa. A 1831 yana duba ganyen wasu furanni ya lura da wani ɗigo a tsakiyar kowane sel, ya ba shi suna, shi ne abin da za mu kira cibiyar sel. A 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka ce tsiro da dabba duk da sel aka gina su, kamar yadda ake gina soro da tubali. Zuwa 1855 an tsaya a kan cewa kowane sel daga wani sel yake fitowa. Louis Pasteur ya tafasa romo a kwalba mai lanƙwasasshen wuya, iska na shiga ƙura ba ta shiga, romon bai lalace ba. Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882. A 1880 likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ya ga ƙwayar zazzaɓi tana motsi cikin jinin wani majinyaci a Aljeriya, a 1897 Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya, masanan Italiya suka tabbatar da nau'in sauron da ke ɗauka wa mutum. Kafin nan Turawa gurɓatacciyar iskar fadama suke zargi. Sunan da muke faɗa yau ba tare da tunani ba, zazzaɓin cizon sauro, sakamakon wannan bincike ne, kuma ba a kai gare shi ba sai da aka samu masu haƙurin bambance sauro da sauro.

Darwin ya mutu a 1882 da rami a tsakiyar bayaninsa: bai san yadda gado ke tafiya ba. A lokacin an ɗauka halin uwa da na uba gauraya suke yi, kamar a zuba nono cikin ruwa. In haka ne, duk wani sabon hali mai amfani zai tsarma ya ɓace cikin 'yan zuriya kaɗan. Amsar tana nan a rubuce tun 1866, ba wanda ya kula. Gregor Mendel, limamin coci a garin Burno da ke ƙasar Cek ta yau, ya yi shekara takwas yana barbarar wani irin wake na Turai da hannunsa, tsiro kusan 28,000, yana ƙirgawa. Ya haɗa mai santsin ƙwaya da mai yamushi, 'ya'yan farko duk suka fito da santsi. Ya bar su suka hayayyafa, sai yamushin ya dawo: 5,474 masu santsi, 1,850 masu yamushi. Uku da ɗaya. Wato halin bai narke ba, ɓuya ya yi. Kowane tsiro yana ɗauke da ƙwayar gado biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, wata tana danne wata, amma wadda aka danne tana nan lafiya lau tana jiran ranar da za ta haɗu da irinta. Mendel ya rasu a 1884 ba a san darajarsa ba. Sai a 1900 masana uku suka sake tono aikin.

Daga nan tafiyar ta yi sauri. Thomas Morgan a Niyok, da ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba, ya nuna daga 1910 cewa ƙwayoyin gado suna jere kan wasu zaruruwa cikin cibiyar sel. Masu lissafi, Fisher da Haldane da Wright, suka nuna Mendel da Darwin ba kishiyoyi ba ne, ɗaya ne ke cike ramin ɗaya. A wannan zangon ne kuma aka yi ɓarna mafi muni da sunan gado: aƙidar "gyaran iri" da Francis Galton ya ba suna a 1883 ta kai ga hana dubun-dubatar mutane haihuwa da ƙarfi a Amurka, ta kuma zama makami a hannun 'yan Nazi.

Shi sinadarin da ke ɗauke da gadon tun 1869 aka same shi. Friedrich Miescher ne ya tace shi daga mugunyar da ke jikin bandejin majinyata a Jamus, bai san aikinsa ba. A 1944 Oswald Avery da abokansa suka nuna cewa wannan sinadari, da ake kira DNA, shi ne ke ɗauke da gadon. A 1952 aka ɗauki hotonsa da hasken eksire a ɗakin gwajin Rosalind Franklin a Landan, a 1953 Watson da Crick suka bayyana siffarsa: igiya biyu a murɗe, da haruffa huɗu da ke maimaituwa, kowane harafi yana da abokin da yake kamawa, shi ya sa igiyar ke iya kwafar kanta. Franklin ta rasu a 1958, aka ba da kyautar Nobel a 1962 babu ita. A 2003 aka kammala babban aikin karanta haruffan ɗan Adam, kusan biliyan 3.

In ana son ganin tambayoyin nan uku sun haɗu wuri ɗaya, a dubi sikila, ciwon da babu ƙasar da ake haihuwar masu shi kamar Najeriya. A 1910 wani likita a Shikago ya siffanta ta: ƙwayoyin jini masu lanƙwasa kamar lauje. Wannan aikin mai siffantawa ne. Yadda take bin zuriya kuwa lissafin Mendel ne tsantsa. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. Kowane ciki, na nanata, domin na sha jin ana cewa in an haifi mai sikila ɗaya ukun da ke biye sun tsira, kuma wannan kuskure ya jefa gidaje cikin wahala. Ciki bai san abin da wansa ya zo da shi ba. To me ya sa abu mai cutarwa haka ya yawaita a wurinmu? Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka a 1954 cewa yaro mai AS ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. A ƙasar sauro, tankaɗen ya riƙe wannan ƙwaya saboda kariyar da take bayarwa, duk da tsadar da ake biya. Sannan a 1956 da 1957 Vernon Ingram ya gano bambancin duka-duka tubali ɗaya ne a sinadarin da ke ɗaukar iska cikin jini, wanda ya samo asali daga harafi ɗaya na DNA. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy don masu sikila, magani na farko da ke gyara ƙwayar gado ta dabarar yanke DNA da aka bayyana a 2012. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Abin yana ci mini rai: ilimin ya kai inda ake so, amma mafi yawan masu ciwon ba za su ko ji ƙanshinsa ba, kuma abin da ke hannunmu har yanzu shi ne gwajin jini kafin a sa rana.

DNA ta kuma juyo kan tsoffin sunaye tana gyara su. Da aka karanta haruffan itatuwa masu ƙaya da aka daɗe ana tarawa ƙarƙashin sunan Acacia, sai aka ga ba gida ɗaya ba ne. Bayan doguwar jayayya a tarukan masana na 2005 da 2011, aka bar wa itatuwan Ostireliya sunan, bagaruwar da majema ke jima da ita ta koma Vachellia nilotica, dakwara mai ƙaro ta koma Senegalia senegal. Masanan Afirka da yawa ba su ji daɗin hukuncin ba. Gawo dama tuni aka ware shi, aka liƙa masa sunan Faidherbe, gwamnan mulkin mallakar Faransa a Sanagal, alhali manomin da ya san gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki ba a rubuta sunansa ko'ina ba. Likitan mulkin mallaka J. M. Dalziel ya buga jerin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, kuma kowane suna a ciki daga bakin wani ya ji shi, mai magani ko maharbi ko tsohuwa mai tsintar ganyen miya.

Abin da ya sa nake jin zafi in na ga ana raina aikin tarawa da siffantawa, ana cewa tsohon yayi ne, shi ne na'urar karanta DNA ba ta san sunan abin da aka zuba mata ba sai wani ya gaya mata, ya kuma faɗi inda aka tsinko shi da ranar. Nau'o'in halittun da aka raɗa wa suna zuwa yau sun kai kimanin miliyan biyu, kuma masana sun haɗu a kan cewa waɗanda ba a sani ba sun fi haka yawa, musamman ƙwari da ƙananan halittun cikin ƙasa. A ɓangaren tsirrai kaɗai ana bayyana sababbi kusan 2,000 kowace shekara. Ma'ajiyar busassun tsirrai ta Kew da ke Landan tana riƙe da samfuri wajen miliyan bakwai, kuma da yawa daga cikin sababbin da ake bayyanawa ba daga daji ake ɗauko su yanzu ba, a cikin irin waɗannan durowoyi ake samunsu, manne a takarda, an tsinko su shekaru da dama da suka wuce ba a kai ga dubawa ba.